Ƙwayoyin Ujunwa da Rijiyar Gidanmu

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau Naziru ya zo ya ɗaura jan ƙyalle a bakin rijiyarmu. Naziru fa. Yaron da na koya wa aikin duba-gari, wanda ranar da na fara kai shi mahauta ya yi mini amai a takalmi. Shi ne yanzu mai zuwa ƙofar gidana da takarda, yana wani sunkuyar da kai, wai "Malam, a yi haƙuri, aiki ne." Na ce na san aiki ne, tun kafin a yaye ka nake yin sa.

Takardar ta ce akwai baƙin mai a ruwan. Kada kowa ya sha. An ba mu zuwa ƙarshen Satumba. In an sake gwadawa aka tarar man yana nan, za a cike rijiyar da ƙasa a shafe bakinta da siminti.

Rijiyar da marigayi mahaifina ya haƙa shekarar da aka haife ni, zurfinta gaba goma sha ɗaya. Unguwar nan kaf daga cikinta ta sha, ko a shekarun fari ba ta ƙafe ba. Na yi aiki a Itas, na yi a Hardawa, ban taɓa shan ruwa mai daɗinta ba. Yau ita ce da jan ƙyalle kamar gidan da aka yi annoba. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowa ya san filin Udoka da ke bayanmu, mai sayar da kayan gyaran mota. Shekara ashirin da ɗoriya makanikai suna juye mai a ƙasa a wurin kafin su tashi. Ba sai an kira mai duba ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na sayo hodar kulorin gwangwani guda, na auna yadda muke aunawa a da, na zuba a rijiya. Da safe na jefa guga. Man yana nan yana sheƙi a saman ruwa, launi-launi, sai dai yanzu yana warin asibiti. Ya Fanna ta leƙa gugan ta ce, "Malam, ka wanke man tas." Shekara arba'in da aure, bakin matar nan bai dushe ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Abin dariya, yaro ya tsinci haƙori.

Udoka ya zo bayan la'asar da 'yarsa Ujunwa, wadda aka haifa a nan Azare, wadda na sha kora daga bakin rijiyar nan tana wasa da guga. Wai yanzu digiri na biyu take yi a kan ƙananan halittu. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar da ta fi ta 'ya'yana, wannan kam ban hana ta ba. Sannan ta buɗe baki.

Wai za ta tsabtace ƙasar da ƙwayoyin cuta.

Na ce ta maimaita. Ta ce, "Baba, ba duka ne na cuta ba. Akwai waɗanda abincinsu mai ne. Suna nan a cikin ƙasar tuni, yunwa da ƙishi da rashin iska ne suka hana su aiki." Za a tono ƙasar da man ya jiƙa, a gauraya da kashin shanu da na kaji da ɓuntun shinkafa, a riƙa ba ta ruwa ana juyawa. Su kuma za su cinye man su bar ƙasa. Rijiya kuwa a riƙa yashe ta har sabon ruwa ya kore tsohon.

Shekara talatin da biyar na yi ina kashe waɗannan abubuwa. Na rufe gidajen abinci saboda su. Na ƙona katifu. Na ga abin da suka yi wa Hardawa shekarar amai da gudawa, da hannuna na ɗauki gawar yara. Yau yarinyar da ba ta taɓa shaƙar warin unguwar da annoba ta faɗa ba tana gaya mini in ba su abinci da ruwa. A ba kura ajiyar nama ke nan. Kuma maganin ƙazanta, wai, a ƙaro kashi.

Udoka bai ce komai ba sai "Malam, a bar ta ta gwada, filina ne, ni zan ɗauki nauyi." Na ce dama wa zai ɗauka? Ya sunkuyar da kai.

Naziru ya yarda, wai ya taɓa karanta irin haka. Ba mamaki. Komai aka rubuta da Turanci Naziru ya yarda da shi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Sun tone filin. Ƙasa baƙa ƙirin, tana danƙo, ko ciyawa ba ta taɓa fitowa a kanta ba. Ujunwa ta shimfiɗa leda mai kauri, aka tara ƙasar tsibi huɗu dogaye, ta kafa wa kowanne katako da lamba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na huɗun jikin katangata yake.

Jiya mota ta kawo kashin shanu daga Udubo. A da in na kama mutum ya tara wannan a cikin gari, sammaci zan rubuta masa. Yanzu ilimi ne. Ƙudan Katagum gaba ɗaya sun samu labari, sun zo gaisuwa.

Ita kuwa tana ciki tsamo-tsamo da dogon takalmin roba, tana damƙar ƙasa tana matsewa a tafin hannu, wai tana duba laima. Uban ya sha wahala ya tura ta jami'a, ta dawo tana dama kashi da manjagara. In da 'yata ce da na yi kuka.

Alhamis, 1 ga Mayu

Kullum da sassafe tana nan tana ba tsibin ruwa. Duk bayan kwana uku a juya da shebur, wai su sha iska. Ta sa an kafa musu rumfar zana don kada rana ta kashe su. Rumfa. Akwai masu sayar da rake a bakin tasha da ba su da rumfa.

A majalisarmu ta ƙofar masallaci na ba da labari, har Alhaji Mamman ya ƙware don dariya. Na ce saura ta raɗa musu suna ta yanka rago. Sai Abdulsamad tela ya ce ai shi ya wuce ta wurin, kamar warin man ya ragu. Na ce warin kashi ne ya danne shi. Hancin tela ba hancin duba-gari ba ne.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na yi abin da ya kamata tun farko.

Ƙuda sun hana mu cin abinci a tsakar gida. Yau da hantsi, Ujunwa da uban suna coci, na dama sauran kulorin ɗin nan a bokiti uku, da kauri, na zagaya na sheƙa wa tsibin da ke jikin katangata. Na bi shi daga kai zuwa gindi yadda muke yi wa bola bayan annoba. Hannuna bai manta ba.

Ba ɓarna na yi ba, taimako ne. In ƙasar ta gyaru za ta ce ƙwayoyinta ne, ni kuwa na san abin da na sani. Kafin azahar ƙuda sun bar wajen.

Ya Fanna ta gan ni ina wanke bokiti. Ta kalli bokitin, ta kalle ni, ta wuce madafa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na ƙara. Sabon gwangwani.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na ƙara. Tsibina ya fi sauran tsabta, ko tsutsa babu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na fito daga sallar asuba na tarar da Ujunwa tsugune a gaban na huɗu, ta zuba masa ido kamar mai jinya. Ta ce, "Baba, zo ka taɓa ka ji." Wai in cusa hannuna a cikin na ɗaya. Na ce hannun da nake cin tuwo da shi? Ta yi dariya, ta zaro wani dogon ƙarfe mai agogo a kai ta nuna mini. Ukun suna da zafi a ciki, wai alamar suna ci ke nan, kamar yadda jiki ke ɗumi in ana aiki. Na huɗu sanyi ƙalau.

"Iri ɗaya na haɗa su, Baba. Ban san abin da ya same shi ba. Kamar an yi musu kisan kiyashi."

Na ce wataƙila sun ƙoshi.

Ta ɗebi ƙasar a 'yan kwalabe za ta kai ɗakin gwaji. Masu ilimi. Tana tsaye a kan amsar, amma sai ta kai wa na'ura ta gaya mata. Da yake ruwan da take zubawa kullum ya wanke warin kulorin, to, sa'arta ce ta gaza.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Karo na farko a rayuwata da aka wanke naman layya a gidan nan da ruwan 'yan garuwa. Ina kallon rijiyar da jan ƙyallenta da ya koɗe, naman ya ƙi wuce mini.

Na aika wa Udoka cinya kamar kowace shekara. Ya Fanna ce ta matsa. Maƙwabtaka daban, laifi daban.

Alhamis, 19 ga Yuni

Yasa ta uku. An kawo injin ban-ruwa an zuƙe rijiyar har ƙasa, masu yasa sun shiga sun kwashe laka. Kwana biyu ruwa ya taru garau. A na uku man ya dawo yana sheƙi.

Ujunwa ta zauna a bakin rijiyar da takardunta, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta haƙa 'yan ramuka tsakanin filinsu da rijiya, ƙasar wajen ba ta da mai sosai. Ta ce, "Baba, ba daga wajenmu kaɗai yake zuwa ba. Akwai wani wuri kusa, kuma mai zurfi. Kai ka fi kowa sanin unguwar nan. Ba a taɓa binne tanki ko wani rami a nan ba?"

Na ce ni duba-gari ne, ba mai duba ba.

Ka ji dabara. Ƙwayoyi sun gaza, sai a nemo wani a ɗora masa. Haka 'yan boko suke, ba sa taɓa cewa ba mu iya ba, sai dai a ce akwai wani dalili da ba a gano ba tukuna.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ina ba awaki dusa Ya Fanna ta tsaya a bayana ta ce, "Malam, garken nan dai ƙasarsa ba ta taɓa bushewa." Na ce fitsarin awaki ne. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin nata.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ujunwa ta shuka wake a gwangwanaye, kowanne da ƙasar tsibi guda. Na ɗaya, na biyu da na uku sun tsiro, kore shar. Na huɗu ko ɗaya.

Wake ko a kan juji yana fitowa, ba abin a buga ganga ba ne. Amma ƙasar nan na san ta, ko ƙaya ba ta fitowa a kanta. Na ɗauki kaɗan daga na biyu lokacin da ba kowa, na shinshina. Ƙanshin gona. Wataƙila mura ce ke damuna.

Naziru ya zo ya duba. Na ji yana ce mata, uku sun yi, ɗaya bai yi ba, kuma ba ta san dalili ba, rijiya kuma ga ta nan yadda take. Shi ba zai iya rubuta wa na sama da shi cewa a dogara da abin da ke yi yau ya ƙi gobe ba. In haka ta ci gaba ba sai an jira Satumba ba. Ta ce a ba ta lokaci.

Ni na koya masa wannan tsaurin. Yau na ji haushin da ya koya da kyau.

Talata, 8 ga Yuli

Udoka ya same ni a zaure bayan azahar, shi kaɗai. Ya tsufa, ban lura ba sai yau. Muka gaisa, muka yi maganar damina. Ya ce mutanen unguwa sun daina amsa gaisuwar matarsa, jiya wani ya ce musu su koma garinsu su ɓata ruwan can. Ya ce, "Malam, ni ina ne garinmu? Shekarata arba'in da ɗaya a Azare." Na mayar da zancen kan damina.

Da zai tashi, yana neman takalminsa, sai ya ce, "Malam, jarkar nan shuɗiya tana nan kuwa?" Bai jira amsa ba ya fita.

Tana nan. Tana rataye a ɗakin ajiya.

To, bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki. Tsohon masai na gidan nan taku goma sha biyar ne daga rijiya. Ba ni na haƙa shi ba, na tarar da shi. Da na fara aiki na gane ya yi kusa, amma marigayi yana raye, wa zai ce masa ya yi kuskure? Sai na yi abin da manyanmu a aiki suka koya mana, abin da na koya wa gari guda: in kana son kashe ƙuda da tsutsa da wari a masai, zuba baƙin mai. A kududdufi ma haka, don sauro. Ni kuwa da yake gidan duba-gari ne, dole ya fi na kowa. Jarka guda duk wata, daga filin Udoka, kyauta. Shekara ashirin. Har alfahari nake yi, in kawo ƙananan ma'aikata su leƙa su ga masai marar ƙuda. Naziru ma ya leƙa, ya manta ne kawai. Daga baya na rufe ramin na gina garken awaki a kai.

Ba laifi na yi ba. Haka ake yi. Kowa haka ya yi.

Wata uku Udoka yana shan zagi, ya san da jarkar, bai gaya wa ko 'yarsa ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko majalisa ban fita ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na yi shiru za a binne rijiyar marigayi saboda bakina, ba saboda ƙwayoyin kowa ba.

Na kira Ujunwa da safe, na ce ta biyo ni. Na kai ta garke, na buga sandata a ƙasa na ce, "Tona nan." Ta ce me ke nan, Baba? Na gaya mata a taƙaice, kamar ina ba da rahoto a ofis. Ina kallon awaki, ba ita ba.

Ta yi lissafin jarkokin a kanta, na ga leɓenta yana motsi. Ta ce, "Baba." Shi ke nan abin da ta ce.

Tunda an riga an jiƙe, ba a tsoron yayyafi. Na ce tsibi na huɗu ma ni ne. Kulorin, Lahadi uku.

A nan ne ta zauna a kan turmin Ya Fanna. Na zaci za ta yi mini rashin kunya, har na tanadi amsa. Sai ta ce, "Wata ɗaya da rabi ina zargin kaina. Na sake lissafi ya fi sau goma. Malamina ya ce ban iya awo ba." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu. Can kuma ta tambaye ni awo nawa na zuba a bokiti, kuma da wane lokaci, ta ciro biro tana rubutawa. Wai yanzu ta samu abin kwatance, tsibin da aka kashe wa ƙwayoyi da waɗanda aka bari, wai wannan ya fi komai nuna cewa su ne ke aikin.

Ka ji. Na yi mata ɓarna, ta mayar da ni babi a littafinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce kada ta rubuta sunana. Ta ce za ta rubuta "wani ƙwararren jami'in lafiya." Ban sani ba ko ba'a take yi.

Asabar, 26 ga Yuli

An rushe garken, awaki sun koma gidan Abdulsamad tela. Kwana shida ana tono, ana kafa katako don kada rami ya rufta. Abin da ya fito ba na son in kwatanta shi. Baƙi, mai kauri, yana nan yadda na zuba shi, kamar jiya. Ni da na ce yana kashe komai. Gaskiya ne, ya kashe komai, shi ya sa ba abin da ya taɓa shi.

Unguwa ta taru kallo, dama ba su da aikin yi. Alhaji Mamman ya ce, "Ashe daga gidan duba-gari ne." Wannan mutumin da na taɓa samun akuya matacciya a kwatarsa. Na ce e, daga gidana ne, kuma a masanka ma akwai, ni na ba ka shawarar, ka yi mini godiya har da goro. Ya kama hanyar gida.

Bayan sallar Juma'a jiya na faɗa a ƙofar masallaci cewa a bar Udoka ya sha iska. Ban yi dogon bayani ba. Ba wa'azi na je yi ba.

Yanzu tsibi bakwai ne. Uku sababbi a bayan gidana, da kashin Udubo da komai. Gidan duba-gari.

Laraba, 20 ga Agusta

Ujunwa ta koma makaranta na mako uku, ta bar wa uban takardar abin da za a yi. Udoka da bayansa mai ciwo, juya ƙasa yake kamar mai tona asiri, sama-sama. Ba a haka ake riƙe shebur ba. Na karɓa don in nuna masa kawai.

Ruwan sama ya yi yawa, in suka jiƙe sharkaf iska ba ta shiga. Haka takardar ta ce, ba ni ba. Na ja leda na rufe su kafin hadarin la'asar, don kada ƙazantar ta gangaro mini tsakar gida.

Ta bar umarni a ɗebi ƙasa daga na ɗaya a gauraya a na huɗu, kamar yadda ake sa tsohon nono a sabuwar madara. Na yi. Ba na jin zai tashi. Na san aikina, abin da na kashe ba ya tashi.

Talata, 30 ga Satumba

Naziru ya zo da sakamako, Ujunwa da uban suna tsaye. Man da ke ruwan ya ragu ƙwarai tun da aka kwashe ramin, amma bai kai a sha ba. Ba za a sha bana ba, wataƙila baɗi ma ba za a sha ba. Ta faɗa da bakinta, ba ta yi kwana-kwana ba: ƙasa tana saurin warkewa, ruwan ƙarƙashi ba ya sauri.

Ba za a cike rijiyar ba. Za a sa murfi da kwaɗo, a ci gaba da yasa, a sake gwaji bayan wata shida.

Naziru ya miƙo mini mabuɗin. Ya ce, "Malam, ban san wanda zai fi ka hana mutane sha ba." Yaron ya fara hankali, ko da yake har yanzu rubutunsa kamar tafiyar kaza.

Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Ya Fanna ta ce me ya sami idona, na ce hayaƙin murhunta.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Har yanzu ina nan a kan bakana, wannan ba aikin mai hankali ba ne. Mutum ya yi digiri biyu ya ƙare a kiwon abin da ido ba ya gani. Kuma ƙuda suna nan, kada wani ya ce mini ba sa nan.

Jarkar nan na huda gindinta na cika ta da ƙasar na ɗaya. Ya Fanna ta shuka barkono a ciki. Ta ce in ya yi 'ya'ya Udoka za a fara kai wa. Ban hana ba.

Da safe na kama ta za ta watsa ruwan wanki wajen tsibi na shida, ruwa fari fat da sabulu da bilic. Ban san lokacin da na riƙe bahon ba. Na ce, "Ke, za ki kashe su." Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Su wa, Malam?" Na ce ta kai ruwanta kwata kawai, ba na son dogon zance. Tana tafe tana dariya har da riƙe ciki.

Ujunwa da uban suna coci, ba kowa a filin. Na zagaya wajen na huɗu, don in ga ko leda ta yage ne. Na duba hagu na duba dama. Na naɗe hannun riga na cusa hannu har gwiwa, na dama, wanda nake cin tuwo da shi.

Da ɗumi.

Na ga kamar ƙasar ta ɗan bushe, sai na ba su guga biyu. Guga biyu ai ba yarda ba ce.